Ƙiyasta Damar Samun Gurbi a Manyan Makarantun Kwana Masu Zaman Kansu na Amurka

1.0 Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne bayyana yadda ake ƙiyasta damar da yaro yake da ita ta samun gurbi a manyan makarantun sakandare na kwana masu zaman kansu na ƙasar Amurka, watau irin waɗanda masu neman shigarsu suka ninka gurabensu sau da dama. Abin da ya sa muka kawo wannan magana gaban taron malamai shi ne, idan uba a ƙasar nan ya ƙudurta kai ɗansa irin waɗannan makarantu, malami yake fara tuntuɓa, kuma malami ne zai rubuta takardar shaida a kan yaron. Tambayar kuwa kullum ɗaya ce: "Malam, yaron nan zai samu?" Amsar da malami ya bayar tana iya jawo asarar kuɗi mai yawa, ko ta karya zuciyar yaro ɗan shekara 13, ko ta hana mai hazaƙa neman abin da zai iya samu.

Akwai alƙaluma biyu da iyaye suka fi dogara da su: kason masu nema da makaranta take ɗauka, da makin da yaro ya ci a jarrabawa. Za mu yi ƙoƙari mu nuna cewa babu ɗaya daga cikinsu da ya isa ya amsa tambayar, sai an san rukunin masu nema da yaron ya faɗa cikinsa.

2.0 Makarantun da Ake Magana a Kansu

Yawancin waɗannan makarantu a arewa maso gabashin Amurka suke, kuma tsofaffi ne. An kafa Phillips Academy ta garin Andover, jihar Massachusetts, a 1778. Phillips Exeter Academy ta jihar New Hampshire ta biyo baya a 1781, Deerfield a 1797, St. Paul's a 1856, sa'an nan Groton a 1884. Shugaba Franklin Roosevelt a Groton ya yi karatu, John Kennedy a Choate, George Bush uba da ɗa kuwa a Andover. Da fari yawancinsu na maza ne zalla. Exeter ta fara ɗaukar 'yan mata a 1970, Andover kuma ta haɗe da makarantar 'yan mata ta Abbot a 1973.

Girmansu ya bambanta ƙwarai. Andover da Exeter kowacce tana da ɗalibai fiye da 1,000, alhali na Groton ba su kai 400 ba. A shekarun da suka biyo bayan 2020, kuɗin makaranta na ɗalibin kwana ya haura dala 60,000 a shekara a yawancinsu, kuma waɗanda suka fi suna ba sa ɗaukar ko kashi 20 cikin 100 na masu nema.

3.0 Abin da Suke Dubawa

Mu a nan mun saba da jarrabawar shiga makarantun sakandare na Gwamnatin Tarayya, inda ake yanke maki, wanda ya kai ya sa rai, wanda bai kai ba ya haƙura. Waɗannan makarantu ba su da makin da suka yanke. Takardun yaro ake tarawa wuri ɗaya a karanta su gaba ɗaya: sakamakonsa na makaranta na 'yan shekarun baya, da shaidar malamin Turanci da na lissafi da ta shugaban makaranta, da insha'in da yaron ya rubuta da kansa, da bayanin iyaye, da abin da yake yi bayan aji, da rahoton ganawar da aka yi da shi, da makin jarrabawa. Baƙo wanda Turanci ba harshensa ba ne akan nemi ya ƙara da jarrabawar TOEFL ko makamanciyarta.

Yawanci akan rufe karɓar takardu daga tsakiyar Janairu zuwa farkon Fabrairu, a ba da sakamako ran 10 ga Maris, iyaye kuma su ba da amsa zuwa 10 ga Afrilu. Babbar ƙofar shiga ita ce aji 9 nasu, wanda ya yi daidai da aji 3 na ƙaramar sakandare a tsarinmu. Ke nan yaronmu yana aji 2 zai cika takardun nema.

Ganawa tana da nauyi saboda irin koyarwar da ake yi. Alal misali, tun daga kyautar da attajiri Edward Harkness ya yi wa Exeter a 1930, ɗalibai kamar 12 ne suke zama da malami a kewayen tebur guda, suna tattauna darasi a tsakaninsu. Makarantar da take koyarwa haka lalle za ta so ta ji ko yaro ya iya faɗin ra'ayinsa, ya kuma iya sauraren na wani. Wannan abin lura ne gare mu, domin yaron da aka tarbiyyantar da ya sunkuyar da kai gaban manya, wanda a wurinmu ladabi ne, mai ganawa yana iya ɗaukar shirunsa rashin abin faɗi.

4.0 Alƙaluma Biyu Masu Ruɗarwa

4.1 Kason da ake ɗauka

Idan aka ce makaranta tana ɗaukar kashi 15 cikin 100, labarin makarantar aka bayar. Ba a faɗi kome game da wani yaro guda ba. Bari mu ƙaddara misali don bayani kawai. A ce yara 2,000 suka nema, aka ɗauki 300, watau kashi 15. A ce kuma 500 daga cikin masu neman 'yan ƙasashen waje ne, makarantar kuwa ta ɗauki 40 daga cikinsu. Kason baƙi ya zama 8, na sauran 1,500 kuma ya zama kamar 17. Makaranta ɗaya ce, shekara ɗaya, amma dama iri biyu. In aka sake rarraba kowane rukuni, za a ga wasu yara damarsu ta fi rabi, wasu kuma ba su da ita sam. Kashi 15 ɗin nan matsakaici ne wanda mai yiwuwa bai dace da kowa ba.

4.2 Makin jarrabawa

Jarrabawar da aka fi amfani da ita ita ce SSAT, wadda aka fara a 1957. A babban matakinta akwai sassa 3 da ake ba maki: sanin kalmomi, da lissafi, da fahimtar karatu. Kowane sashe daga 500 ne zuwa 800, jimla daga 1,500 zuwa 2,400. Akan cire rubu'in maki a kowace amsa da aka yi kuskure. Akwai kuma insha'i da ba a ba shi maki, ana dai aika shi ga makarantu su gani.

Inda iyaye suka fi ruɗewa shi ne matsayin yaro cikin 100. Idan aka rubuta 60, ba a nufin ya ci kashi 60 na tambayoyi. Ana nufin ya kai ko ya wuce kashi 60 na takwarorinsa 'yan aji ɗaya da suka ɗauki jarrabawar cikin shekaru 3 da suka gabata. Waɗannan takwarori kuwa zaɓaɓɓu ne tun asali, shi ya sa yaron da yake na ɗaya a ajinsa yakan tarar da kansa a tsakiya. Haka kuma matsayin 95 ba ya lamunce gurbi, domin masu irinsa sun yi yawa cikin masu nema. Ƙaramin maki yakan rage dama ƙwarai, babba kuwa iyakarsa ya sa a ɗauki takardun da muhimmanci. A 2020, lokacin annobar korona, makarantu da yawa sun mai da jarrabawar ganin dama, daga baya wasu suka sake wajabta ta. Saboda haka sai a duba ƙa'idar kowace makaranta a shekarar da ake nema.

5.0 Rukunin da Yaro ya Faɗa

Masu zaɓe aji suke harhaɗawa, kamar mai shirya ƙungiyar ƙwallo, wanda ba zai kwashi masu tsaron gida 11 ba ko da sun fi kowa iyawa. Yaro da 'yan rukuninsa yake takara. Abubuwan da suke rarraba rukunan su ne:

(a) Aji. Guraben aji 9 sun fi yawa, na aji 10 suna biye, na aji 11 kuwa kaɗan ne. Wasu kan maimaita aji don su shiga ta ƙofar da ta fi faɗi.

(b) Gado. Makarantar kwana ba ta ɗaukar fiye da gadajen da take da su a ɗakunan maza da na mata.

(c) Ƙasa. Baƙi kaso kaɗan ne na ɗalibai, kuma makarantu suna son su fito daga ƙasashe dabam-dabam.

(d) Kuɗi. A yawancin makarantu neman tallafi yana rage dama, tun da asusun tallafi yana da iyaka, musamman ga baƙi. Kaɗan ne suke zaɓe ba tare da duba ƙarfin aljihun iyaye ba. Andover ta kama wannan hanya tun wajen 2008, Exeter kuma ta yi shelar bin sahu a 2021.

(e) Alaƙa da baiwa. 'Ya'yan tsofaffin ɗalibai, da ƙannen waɗanda suke ciki, da 'ya'yan ma'aikata, da wanda mai horar da wasanni ko malamin kiɗa yake bukata, duk suna da wata fifiko.

Bayan waɗannan akwai abin da ba ya ƙirguwa. Peter Cookson da Caroline Persell, a littafinsu Preparing for Power na 1985, sun nuna yadda makarantun suke reno da haɗa kan 'ya'yan masu faɗa a ji. Shamus Khan, wanda ya yi ɗalibta kuma ya koyar a St. Paul's, ya nuna a littafinsa Privilege na 2011 cewa ko da yake ƙofar ta ƙara buɗewa, halin da ake yabawa a can shi ne sakin jiki a kowane irin zama, abin da ɗan gata ya fi saurin mallaka.

6.0 Neman Makarantu da Yawa

Wasu iyaye kan ce in an nemi makarantu 5 masu ɗaukar kashi 10 kowacce, dama ta zama 50. Wannan lissafi kuskure ne. Ko da a ce kowace makaranta ƙuri'a take jefawa, abin da zai fito kamar 41 ne. Balle ma takardu ɗaya duk suke karantawa, raunin da ya sa ta farko ta ƙi yaro shi ne ta biyar za ta gani. Abin da yake ƙara dama shi ne bambanta makarantun: wasu masu tsananin zaɓe, wasu matsakaita, wasu kuma waɗanda yaron ya fi yawancin masu nemansu ƙarfi.

Dangane da jerin masu jira kuwa, makarantu sukan ɗauki fiye da gurabensu, don sun san wasu za su tafi wani wuri. Sai hasashensu ya kuskure suke waiwayar jerin. Uban da ya ƙi karɓar gurbin da yake hannu saboda wannan jeri, jiran gawon shanu yake yi.

7.0 Kammalawa

Mun ga cewa kason ɗauka makaranta yake siffantawa, makin jarrabawa kuma ƙofa kawai yake buɗewa. Malamin da aka tambaya zai iya faɗin abu uku da gaskiya: ko sakamakon yaro da makinsa sun kai na waɗanda makarantar ta saba ɗauka, da rukunin da ya faɗa, da abin da yake da shi wanda makarantar take bukata. Daga nan ya ce damar mai ƙarfi ce, ko matsakaiciya, ko mai rauni. Ya guji ba da adadi, domin adadin ya rataya ga sauran masu nema na wannan shekara, waɗanda shi bai gan su ba.

Muna ba da shawara kwalejojin ilimi su riƙa koya wa ɗalibansu abu biyu a darasin auna fahimta da na ba da shawara: karanta matsayi cikin 100, da rubuta takardar shaida mai kawo aikin da yaro ya yi a zahiri maimakon jera kalmomin yabo. Ya kamata kuma a gaya wa yaro tun kafin 10 ga Maris cewa makarantun nan sukan mayar da yara masu yawa waɗanda suka cancanta, saboda ƙarancin gurbi kawai.