Inda Zafin Dabba Yake a Jikin Tagulla

Dabba ba ta yamutsa fuska irin ta ɗan Adam, don haka mai zubin tagulla da ke son nuna wahalarta sai ya nemi zafin a ƙashin baya, da jijiyar wuya, da ƙafar da ta saki. Antoine-Louis Barye, Bafaranshen da ya rayu daga 1795 zuwa 1875, ya gane wannan sarai. A 1831 ya nuna wa mutanen Paris damisar Indiya tana cin kada, a 1850 kuma damisar Amurka ta danne zomo. A aikin na biyu jikuna biyu ne a haɗe: ɗaya ya ɗaure tamau daga kafaɗa har wutsiya, ɗayan ya langaɓe, babu sauran ƙarfi a cikinsa. Tausayin mai kallo daga wannan bambanci yake tasowa.

Tagullar ma tana da nata hannu a ciki. Da yumɓu ko kakin zuma ake fara siffar, abubuwa masu laushi da ke riƙe sawun yatsa, sannan narkakken ƙarfe ya bi kowane lungu ya daskare. Ga shi da ƙarfi, har siririyar ƙafa ko murɗaɗɗiyar wutsiya ta iya tsayawa a iska inda dutse zai karye. Zakin Barye mai take maciji, wanda ke gidan tarihi na Louvre yanzu, Honoré Gonon ne ya zuba shi ta hanyar narkar da kaki, dabarar da maƙeran Ife da Benin suka ƙware a kanta tun ƙarnuka.

Wasu za su ce mu ne ke ɗora wa ƙarfe abin da ke ranmu. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, amma Barye bai yi aiki da zato ba. Ya daɗe yana zanen dabbobin lambun Jardin des Plantes na Paris, idan ɗaya ta mutu kuma ya auna gaɓoɓinta, kamar yadda shi da mai zane Delacroix suka yi da wani zaki a 1829. Littafin masanin halittu Darwin na 1872 ya nuna cewa tsoro da azaba suna da alamu a jikin dabba, masu kama da namu. Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne cewa aikin yana ƙawata fin ƙarfi, tunda an ɗauki zakin nan mai take maciji a matsayin kirari ga Sarki Louis-Philippe na Faransa. Wannan zargi ya kama zakin. Bai kama zomon ba, domin mai son yabon damisa kaɗai ba zai ba mutuwar zomo irin wannan kulawa ba.