SAMARIN DA SUNKA SHUKA HAKI A AMURKA



Ran nan muna cikin karatu a santir ɗinmu na yaƙi da jahilci, sai zancen gamba ya taso. Wani dattijo ya ce da can bayan gari shike yanko ta, yau kuwa sai ya kai kuɗi kasuwa kafin shi samu ta zana guda. Ya ce haki in ya tafi ya tafi ke nan, tun da ba a shuka haki. Na ce mashi: Baba, an taɓa shuka shi. Ga labarin.

A tsakiyar ƙasar Amurka akwai wani babban fili da ake ce ma fereri. Icce sai nan da can. Haki ne dogo, iyakar ganin mutum. Babban hakin wurin ɗan uwan gamba ne, masana sun sa su gida guda. Tsawonshi shina kai metir 2, saiwarshi ma haka take nutsawa cikin ƙasa. Kanshi ya rabu uku, don haka mutanen can suke ce mashi ƙafar talo-talo.

Cikin 1837 wani maƙeri, John Deere, ya ƙera garma mai iya tsaga wannan saiwa. Sai noma ya shiga. Filin dogon haki da ya kusa hekta milyan 70, abin da ya rage yau bai kai kashi 4 cikin 100 ba. Daga 1930 fari ya faɗa ma filayen da ke yamma da nan, inda su ma anka nome haki. Iska ya kwashe ƙasar gonaki. Ran 14 ga Afrilu 1935 ƙura ta mai da rana dare.

A wannan lokaci ne jami'ar Wiskonsin, a garin Madison, ta keɓe wata tsohuwar gona. Wani malaminta, Aldo Leopold, shina cikin masu son a maido da tsiron da ke wurin kafin zuwan garma. Cikin 1936 anka ba Theodore Sperry aikin, shina da shekara 29. Ya yi karatun tsirrai, amma ba wanda zai tambaya yadda ake yi, don ba a taɓa yi ba. Ma'aikatanshi samari ne marasa aiki da gwamnati ta ɗauka, wajen 200, sansaninsu nan cikin filin. Ana biyan kowa dalar Amurka 30 a wata, a aika ma iyayenshi 25.

Ina za a samu iri? Ba a saida shi kasuwa. Sai sunka bi wuraren da garma ba ta kai ba: gefen hanyar jirgin ƙasa, da kan tuddai masu duwatsu. Wani su haƙo shi da saiwa da ƙasa, su ɗauko a mota su dasa. Wani su tsinko ɗiyanshi da hannu. Wani su yanko shi bayan ya nuna, su baza a fili. Haƙowar nan ni ban ga kyawonta ba, don ɓata ɗan abin da ya rage ne. Yau masu aikin sun fi son tara ɗiya.

Abin da ya fi burge ni shi ne rubutu. Sperry ya shuka tsiro iri 42, kowane da wurinshi, kuma duk ya rubuta a takarda. Bayan shekara fiye da 40 ya komo da tsufanshi, ya duba wanda ya rayu da wanda ya mutu.

Aikin bai tafi daidai ba da fari. Wani haki na Turai ya riga ya kama gonar, shina danne na ƙasar. Cikin 1941 samarin sunka watse, yaƙi ya zo. Sai wani malami, John Curtis, da ɗalibinshi sunka gwada wuta. Hakin Turai shina saurin tohowa in sanyi ya wuce, wuta ta same shi ɗanye ta raunana shi. Na ƙasar ranshi shina cikin saiwa, sai shi taso daga baya. Tun 1950 ake ƙona filin bisa tsari. Yau shina nan, hekta wajen 30, da sunan Curtis.

To, jama'a, kada wani shi ce takarda ta ce a sa ma daji wuta. Ruwan da ake yi a Madison ya kusa biyun na Maraɗi. Kuma yawancin hakinmu, kamar ƙarangiya, na shekara guda ne. In wuta ta bi, ta cinye cimakar bisashe ta rani duka.

Gamba kam tana kwana cikin saiwa kamar ɗan uwanta na can. Ana shuka ɗiyanta, ana kuma raba gindinta a dasa da damana. Dattijon ya ce shi sai ya gani. Ƴan aji sun ce in ruwa ya zauna za su dasa gindi 20 a iyakar gonarshi, kowa shi rubuta ranar cikin littafinshi.