Yadda Ake Ajiye Motar Yanke Ciyawa Idan Hunturu Ya Shigo

A arewacin Amurka da Kanada da yawancin ƙasashen Turai, ciyawar da ake shukawa a farfajiyar gida don ado tana daina girma da zarar sanyi ya kankama, wajen watan Nuwamba, ba kuma ta farfaɗowa sai Maris ko Afrilu. Wata huɗu zuwa biyar ke nan babu abin yanka. Injin yanke ciyawa na farko na turawa ne da hannu, Edwin Budding ya ƙirƙiro shi a Ingila a 1830. Wanda ake magana a kansa a nan shi ne na hawa, mai kujera da sitiyari, irin wanda kamfanin John Deere ya fitar da nasa na farko a 1963. Mota ce ƙarama, da injin fetur, da batir, da wuƙaƙe masu juyawa a ƙarƙashinta, kuma zaman da take yi ba aiki yakan yi mata illar da aikin bai yi mata ba.

Babbar matsalar ita ce fetur. Ba a yi shi don dogon ajiya ba, bayan wata ɗaya yakan fara canjawa. Sassansa masu saurin kama wuta su ne ke fara tashi su bi iska, abin da ya rage kuma ya yi kauri ya zama danƙo. Ƙofofin da mai ke bi a cikin kabureta ƙanana ne ƙwarai, ɗan danƙo kaɗan ya isa ya toshe su. Akwai kuma ƙari a kan haka. Yawancin fetur ɗin da ake sayarwa a Amurka yana da kashi 10 cikin 100 na sinadarin itanol, Birtaniya ma ta koma irinsa a 2021. Itanol yana jan danshi daga iska. Idan ruwan ya yi yawa sai ya rabu da man, ya kwanta a gindin tanki, daidai inda injin ke zuƙa. Ranar da aka zo tayarwa, ruwan ne zai fara shiga.

Hanya biyu ake bi. Wasu sukan zuƙe tankin, su bar injin yana aiki har ya mutu da kansa. Wasu kuma sukan cika tankin da sabon mai, su zuba maganin da ke hana fetur lalacewa, sannan su kunna injin na minti biyar zuwa goma don maganin ya isa kabureta. Ta biyun ta fi kwantar da hankali, musamman idan tankin na ƙarfe ne, domin cikakken tanki ba ya barin wurin da raɓa za ta taru ta kawo tsatsa. Abin da bai kamata ba shi ne a bar rabin tanki na tsohon mai a juya baya. Manomin rani da ya jingine injin ban-ruwansa duk damina da mai a ciki, ya zo watan Nuwamba yana ta jan igiya a banza, wannan ciwon ne ya kama injinsa.

Baƙin mai ma a canja shi kafin ajiya, ba bayanta ba. Wanda ya yi aiki yana ɗauke da ƙura da ruwa da guba mai cin ƙarfe, bai dace ya yi wata biyar kwance a cikin inji ba. A juye shi injin na da ɗumi don ya fita da dattinsa. A duba matatar iska, a cire filogi a ɗiga cokali ɗaya na sabon baƙin mai a ramin, a juya injin kaɗan don man ya shafe ciki.

Kafin hannu ya shiga ƙarƙashin motar, a zare makulli a cire wayar filogi. Wannan ba abin wasa ba ne, wuƙar tana iya raba mutum da yatsunsa. Sai a kankare ɗanyar ciyawar da ta manne a rufin wuƙaƙen, don ita ke riƙe ruwa har ƙarfen ya huje. A wasa wuƙaƙen, a sa giris inda ake sawa.

Batirin mai bolt 12 ne, yana kuma zubar da cajinsa a hankali ko ba a taɓa shi ba. Cikakke yakan nuna kimanin bolt 12.6, sanyi ba ya daskarar da shi. Wanda ya sauka kuwa ruwan cikinsa na iya daskarewa ya fasa kwandon. A fara kwance wayar da ke da alamar ragi, a ajiye shi a busasshen wuri, a riƙa yi masa caji duk wata ko biyu.

Saura wurin ajiya, a nan ne ɓeraye ke shigowa cikin lissafi. Injin nan iska ce ke sanyaya shi, ba ruwa ba. Ɓera na son gina sheƙa a ƙarƙashin murfinsa, ya toshe hanyar iskar, ya kuma ci wayoyi. Injin da aka tayar da sheƙa a ciki zai yi zafi fiye da kima, busasshiyar ciyawar ma tana iya kamawa da wuta. A ajiye motar cikin rumfa ko gareji, nesa da wuta, nesa kuma da buhunan takin zamani da gishirin narkar da ƙanƙara, don dukansu suna jawo tsatsa. A ƙara wa tayoyi iska. Idan za a rufe ta, a sa yadin da iska ke ratsawa, leda gumi take tarawa. Ranar da za a fito da ita, a ɗaga murfin injin a leƙa tukuna kafin a murɗa makulli.