Ɗaukewar al'ada: Abin da motsa jikin Pilates zai iya yi wa mace, da inda ƙarfinsa ya tsaya

Al'ada ba ta ɗaukewa dare ɗaya. Shekaru kafin jinin ya tsaya gaba ɗaya yakan fara wasa: wani watan ya zo da wuri, wani watan ya yi jinkiri, wani lokacin ya ɓace wata biyu ko uku sannan ya dawo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce akasarin mata suna kaiwa wannan mataki ne tsakanin shekara 45 zuwa 55, kuma ba a tabbatar da ɗaukewar sai mace ta yi wata 12 a jere ba ta ga jini ba.

Tushen lamarin shi ne raguwar sinadarin istrojin a jikin mace. Aikin wannan sinadari bai tsaya ga haihuwa ba, yana da hannu a lafiyar ƙashi da tsoka da fata da mafitsara. Da ya ja baya sai ƙorafe-ƙorafe su biyo: zafi mai taso wa mace kwatsam daga ƙirji zuwa fuska, gumin dare, gudun barci, saurin fushi, ciwon gaɓoɓi da ciwon baya. Mata da dama kan haɗiye wannan duka da sunan girma ne ya zo. A 'yan shekarun nan, ɗaya daga cikin hanyoyin da ake yawan ambata don samun sauƙi shi ne motsa jikin da ake kira Pilates.

Sunan na mutum ne. An haifi Joseph Pilates a Jamus a 1883, kuma Yaƙin Duniya na Ɗaya ya riske shi a Ingila, inda aka tsare shi tare da sauran Jamusawa a wani sansani da ke tsibirin Man. A can ya riƙa koyar da abokan zamansa motsa jiki. Bayan yaƙi ya yi ƙaura zuwa Amurka, shi da matarsa Clara suka buɗe wurin horo a birnin New York, wanda ya yi suna musamman a wajen ƙwararrun masu rawa da ke jinyar rauni. Ya rasu a 1967.

Tsarin nasa ba tsalle ba ne, ba kuma gudu ba. Motsi ne a hankali, ana haɗa shi da numfashi, ana mai da hankali kan tsokokin tsakiyar jiki, wato ciki da baya da ƙugu. Akwai na'urori na musamman da ake amfani da su a gidajen motsa jiki, amma yawancin darussan tabarma ko darduma ta wadatar, a cikin ɗaki.

Inda ya fi amfani

Abu na farko shi ne wanda aka fi jin nauyin faɗa. A ƙasan mara akwai wasu tsokoki da suka shimfiɗu kamar raga, su ne ke tallafe mafitsara da mahaifa da ƙarshen hanji. Ɗaukar ciki da haihuwa suna sassauta su, raguwar istrojin kuma ta ƙara musu rauni. Sakamakon shi ne fitsari ya riƙa kufce wa mace idan ta yi tari ko atishawa ko dariya, ko ta ɗaga abu mai nauyi. Macen da ke sake alwala sau biyu kafin ta idar da salla ɗaya, ko take ƙin zuwa biki don tsoron abin kunya, ta san wannan ba ƙaramar damuwa ba ce. Ana iya ƙarfafa waɗannan tsokoki kamar kowace tsoka. Hukumar NICE, mai tsara ƙa'idojin jinya a Ingila, ta sanya horar da su na aƙalla wata uku, ƙarƙashin kulawar ƙwararre, a matsayin matakin farko na magance irin wannan kufcewar fitsari. Darasin Pilates mai kyau yana koyar da yadda ake matse su, kamar mai riƙe fitsari da iska a lokaci guda, sannan a sake su sarai. Sakin yana da muhimmanci daidai da matsewar.

Na biyu shi ne baya da tsayuwar jiki. Tsoka tana raguwa da shekaru, kuma idan tsokokin ciki da ƙugu suka yi rauni, nauyin sai ya koma kan ƙashin baya da gwiwoyi. Ɗaya daga cikin darussan farko shi ne mace ta kwanta rigingine, ta lanƙwasa gwiwoyi tafin ƙafa na ƙasa, ta ɗaga ƙugu a hankali tana fitar da numfashi, sannan ta sauke. Da ganinsa kamar wasa, amma tsokokin da yake horarwa su ne ke tayar da mutum daga zaune. Darussan tsayuwa da ƙafa ɗaya kuma suna gyara daidaiton jiki, abin da ke rage haɗarin faɗuwa.

Game da barci da damuwa, ƙananan binciken da aka yi a kan matan da al'adarsu ta ɗauke sun nuna alamun sauƙi bayan makonni ana yi a kai a kai.

Inda ƙarfinsa ya tsaya

A nan ne tallace-tallacen intanet ke wuce gona da iri. Pilates ba ya mayar da istrojin, kuma babu hujja mai ƙarfi cewa yana kashe zafin nan mai tasowa. A bayanin da ta fitar a 2023, ƙungiyar masana ɗaukewar al'ada ta Arewacin Amurka ba ta sanya motsa jiki ko yoga cikin hanyoyin da ta amince da su don magance wannan zafi ba. Wadda zafin da gumin dare suka hana sakat, likita za ta gani, domin akwai magunguna, ciki har da na mayar da sinadarin ga waɗanda ya dace da su.

Haka batun ƙashi. Shekarun farko bayan ɗaukewar al'ada su ne lokacin da ƙashin mace ya fi saurin zaizayewa, kuma abin da ke riƙe shi shi ne aikin da ke ɗora masa nauyi, kamar tafiya da sauri, hawa bene da ɗaga abu mai ɗan nauyi. Kwanciya a tabarma kaɗai ba ta isa ba. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ga manya ita ce aƙalla minti 150 na matsakaicin motsa jiki a mako, da kwana biyu na ƙarfafa tsoka. Pilates yana iya cike gurbin kwana biyun, tafiya ta cike sauran.

Akwai ma inda zai iya cutarwa. Wasu sanannun darussansa sun ƙunshi naɗe baya gaba da ƙarfi ko murɗa shi. Ga macen da ƙashinta ya riga ya yi rauni, wannan na iya jawo tsagewar ƙashin baya. Wadda ta taɓa karaya daga ƙaramar faɗuwa, ko ta lura tsayinta na raguwa, ko take da hawan jini ko ciwon zuciya, ta fara tuntuɓar likita ko ƙwararren mai gashi a asibiti kafin ta bi bidiyon waya. Sauran kuwa za su iya farawa da minti 10 zuwa 15, sau biyu ko uku a mako, su dakata da zarar sun ji zafi mai suka.

Abu ɗaya ne ba ya jiran motsa jiki ko wata dabara: duk jinin da mace ta gani bayan al'ada ta ɗauke shekara guda, komai ƙanƙantarsa, a kai shi asibiti a duba.