Ajin Karatu Bayan Taron Manoma

Mu da ke zagaya ƙauyuka muna maganar taki da iri, wani lokaci abin da muke tararwa a cikin gida ya fi abin da ke gona tayar mana da hankali. Da rani muka shiga wani gida, muka sami uwa riƙe da yaro yana zawo kwana biyu. Ga ledar gishiri da sukari da aka ba ta a asibiti, tana ajiye cikin kwalla, ba a ko buɗe ta ba. An rubuta yawan ruwan da za a zuba a jikin ledar, amma mai karanta mata, watau maigidan, ya tafi Kano cin rani. Tsoro take kada ta yi kuskure ta kashe ɗanta. Yaron ya tashi, amma da ƙyar.

To, Kanon nan da maigidan ya tafi tana da abin da za ta koya mana. A cikin ganuwa karatu tsohon abu ne. Tun kafin zuwan Turawa a 1903, yara na riƙe allo, fatake kuma na rubuta wasiƙa da ajami. Boko ya zo daga baya, lokacin da Ɗan Hausa ya buɗe makaranta a Nasarawa, bayan gari, a 1909. Amma fa ya daɗe bai isa ɗakin mata ba.

A 1980 gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa hukumar yaƙi da jahilci, aka buɗe wa manya azuzuwa, har da matan aure. A 1983 UNESCO ta ba hukumar lambar yabo. Lambar ba ta dame mu ba. Abin da ya kama zuciyarmu shi ne matar da ta shiga aji da goyo, ba don neman aikin gwamnati ba, sai don ta karanta katin asibiti da kanta, ta rubuta wa 'yarta wasiƙa ba tare da wani ya ji sirrinta ba, ta sa hannu a takarda maimakon dangwala yatsa.

Mu fa? Ikilisiyoyinmu sun yi ƙoƙari wajen sa yara makaranta, amma iyaye an bar su a baya, musamman mata, waɗanda su ke kwana da mara lafiya. Mun iya tara kuɗin rufin majami'a, ba mu iya sayen alli ba.

Ba sai an jira gwamnati ba. Bayan kowane taron ƙungiya, magatakarda ya tsaya rabin awa, Zumuntar Mata ma ta yi haka. Kada rashin littafi ya hana. A kawo ledar magani, da rasit ɗin taki, da takardar maganin ƙwari, a karanta su tare. Darasin farko a rubuta shi a allo da manyan baƙaƙe: ruwa mai tsabta lita 1, sukari ƙaramin cokali 6 a shafe, gishiri rabin ƙaramin cokali.