Tawadar Firinta: Araha Ko Garanti?

'Yan Arewa masu shagunan buga takardu a Agege da Idi-Araba da Sabon Badun sun sani sayen firinta ba wuya, ciyar da ita tawada shi ne aiki. Kamfanoni kan sayar da na'urar da rahusa, su fanshe a kwanson tawada. Shi ya sa jama'a ke tururuwa zuwa Computer Village a Ikeja neman kwanson wasu kamfanoni, ko a ɗura musu tsoho.

To, ina batun garanti? A ƙa'idar HP, sa baƙuwar tawada kaɗai ba ya soke shi. Amma in ita ta ɓata na'urar, kuɗin gyara na wuyan mai ita. Har wa yau, tun 2016 kamfanin ya sa wa wasu firintocinsa tsarin da ke ƙin karɓar baƙon kwanso.

Saboda haka mai lura ya adana rasiɗinsa, ya tsaya kan ta asali har garanti ya ƙare. Bayan nan ya gwada kwanso ɗaya tukuna kafin ya sayi katan.