Ɗalibin jami'a yana bukatar kunnen gida

Ƴan'uwa manoma da makiyaya na Alakos, yau yaranmu da suka ci jarrabawar bak suna barin Garazu da ƙauyukan kewaye, su nufi Damagaram ko Yamai neman ilimi. Jami'ar Yamai ta soma aiki tun 1971, ta Damagaram kuwa an kafa ta a 2010. Wannan abin murna ne. Amma akwai nauyin da yaran ke ɗauke da shi wanda ido ba ya gani.

Yaro ya bar gida, ya shiga gari ba dangi. Kuɗin bursi kan yi jinkiri, wurin kwana ya yi ƙaranci, karatu da Faransanci ya yi tsanani. Ga kuma mutanen gida sun zuba masa ido, kowa na jiran ranar da zai zama ma'aikaci. In ya faɗi jarrabawa, kunya ta hana shi faɗa. Daga nan damuwa ke shiga. Wani ma sai ya kama shan taramol, ya ƙara wa kansa ciwo.

Labarin zuciya a tambayi fuska. In ɗanku ko ɗiyarku sun zo hutu, ku lura: rashin barci, ƙin abinci, keɓewa daga mutane, saurin fushi, ko cewa rayuwa ba ta da amfani. In abin ya kai sati 2, ba lalaci ba ne, ciwo ne, kuma yana da magani.

Me ya kamata mu yi? Mu kira shi ta tarho ko sau ɗaya a sati, mu tambayi lafiyarsa kafin sakamakon jarrabawa. Mu saurara, ban da gori. Mu aika masa da gero ko ɗan kuɗi daidai ƙarfinmu, mu daina roƙon sa rabon bursinsa. Addu'a tana da kyau, amma a haɗa da likita: a soma da likitar da ke kusa, ko asibitin Gure, su za su tura shi babban asibitin Damagaram in da bukata. Wanda ya ambaci kashe kansa, kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi ran nan.

Iyaye, shekarar karatu in ta ɓaci ana sake ta. Ku gaya wa yaranku haka da bakinku, tun kafin su koma.